Babi na Tara: Yatsu Takwas da Ƙafafu Biyu

A shekarar 1778 Mozart yana birnin Paris yana fafutukar neman abin sawa a bakin salati, sai wani basarake, Duc de Guînes, ya nemi ya rubuta masa kiɗan da za su yi shi da 'yarsa. Uban yana busa sarewa, 'yar kuma tana kaɗa haf, wato babbar garayar nan ta Turawa mai kusurwa uku da ake jinginawa a kafaɗa. Mozart ya rubuta, kuma har gobe ana kaɗa wannan aiki a manyan ɗakunan kiɗa na duniya. Daɗinsa ba mai musu. Amma ka tambayi masu haf da suka yi fama da shi, da yawansu za su gaya maka cewa hannun mai fiyano ne ya rubuta shi, domin akwai wuraren da muryoyin suke zama daram a ƙarƙashin yatsu biyar, alhali mai haf da yatsu huɗu take aiki a kowane hannu. Mozart bai sake rubuta wa haf wani kiɗa ba har ya bar duniya.

Tarkon da ke kama masu tsara kiɗa a takarda yake. Rubutun kiɗan haf da na fiyano kamarsu ɗaya: jeri biyu na layuka, na sama don hannun dama, na ƙasa don hagu. Akasarin masu tsara kiɗa kuwa a gaban fiyano suka tashi, a nan suke gwada abin da ya zo musu a rai. In hannu ya iya, sai su ɗauka magana ta ƙare. A zamanin nan ma abin ya fi muni, don kwamfuta tana kaɗa duk abin da aka shigar mata da sautin haf mai zaƙi, ba ta taɓa cewa wannan ba ya yiwuwa. Sai ranar da takardar ta isa gaban mutum mai jini a jika ake gane an rubuta wa wata halitta ce mai yatsu goma sha biyu da ƙafa huɗu.

Bari mu tsaya kusa da abin mu dube shi. Haf ɗin da ake amfani da ita a manyan ƙungiyoyin makaɗa tana da tsirkiya 47, tsayinta ya haura na yawancin mutane, nauyinta ya kusa kilo 40. Makaɗiya takan zauna a bayanta, ta karkato ta zuwa kafaɗar dama, akwatin sautin yana tsakanin gwiwoyinta. (Ina cewa “makaɗiya” ne saboda mata sun fi yawa a wannan kujera. Mace ta farko da ƙungiyar makaɗan Vienna Philharmonic ta yarda ta zama cikakkiyar mamba, a 1997, mai haf ce, Anna Lelkes.) Gajerun tsirkiyoyi masu siririyar murya suna dab da fuskarta, dogaye masu kaurin murya suna can nesa kusa da ginshiƙi. Na ƙasa na ƙarfe ne da aka naɗe da waya, na tsakiya na hanjin dabba, na can sama galibi na nailon. Duk tsirkiyar muryar C ja ce, duk ta F baƙa ko shuɗiya, sauran ba su da launi na daban. Ba don ado aka yi haka ba: ba abin da hannu zai lalubo ya gane inda yake, dole ido ya taimaka. Ido ɗin nan kuwa shi ne zai karanta takarda, shi ne zai kalli jagoran makaɗa. Duk lokacin da ka sa hannayenta biyu su yi dogon tsalle lokaci guda, ɗaya sama ɗaya ƙasa, ka sa ta caca ke nan.

Zaman da take yi shi ya raba wa hannaye aiki. Hannun dama sai ya zagaya ta bayan akwatin sauti, don haka ba ya kaiwa ga tsirkiyoyin can ƙasa. Hagu a sake yake, yana iya miƙewa har ƙarshe. Ƙaramin yatsa kuma ba ya aiki sam: gajere ne, in aka ce sai ya taɓa tsirkiya, duk siffar hannun za ta rushe. Saboda haka muryoyi huɗu ne iyakar abin da hannu ɗaya zai kama a tare. Wannan ba baƙon abu ba ne ga wanda ya taɓa kallon mai kora na ƙasar Mali ko Gambiya, wanda yake sarrafa tsirkiya 21 da manyan yatsu biyu da manuniya biyu kawai, sauran suna riƙe da sandunan riƙo. Abin da haf ta rage ta nan ta biya ta wani wajen, domin tsirkiyoyinta sun fi maɓallan fiyano matsuwa. Tazarar muryoyi goma da ke gagarar hannun masu fiyano da dama, a haf abin yau da kullum ne.

Akwai kuma wani abu da wanda bai taɓa zama a bayan haf ba ba zai yi tsammani ba. Mai haf ba ta kai wa tsirkiya sura daga iska. Tana ɗora yatsun a kan tsirkiyoyin tukuna, uku ko huɗu a tare, sannan ta fizge su ɗaya bayan ɗaya, kowane yatsa ya rufe zuwa tafin hannu. Kafin na ƙarshe ya tashi, ta riga ta ɗora na gaba. Daga nan dokoki da yawa suke fitowa. Jerin da ya miƙe hanya ɗaya, sama ko ƙasa, yana gudu kamar ruwa. Jerin da ke sauya alkibla bayan kowace murya yana tilasta ta ta yi ta cirewa tana mayarwa. Mafi wuya shi ne maimaita murya ɗaya da sauri, domin yatsan da zai koma kan tsirkiyar da ke rawa zai kashe sautin da aka fitar yanzu-yanzu, in kuma farce ya goge ta sai a ji wani “zzz” mara daɗi. Abin da yaro ɗan wata shida a fiyano zai yi ba tunani, a nan gwana take zufa a kansa.

To, duk wannan somin taɓi ne. Asalin sirrin haf a ƙasa yake, inda 'yan kallo ba sa dubawa.

Kiɗan Turawa yana da muryoyi bakwai, C, D, E, F, G, A, B, waɗanda suke maimaituwa zango bayan zango, da kuma biyar ɗin da ke tsakaninsu, wato baƙaƙen maɓallan fiyano. Haf tana da tsirkiya bakwai ne kawai a kowane zango. Baƙaƙen ba su da tasu. Ana samun su ne da ƙafa. A gindin haf akwai feda bakwai: uku na ƙafar hagu, D da C da B, huɗu na dama, E da F da G da A. Kowace feda tana da mazauni uku. In tana sama, tsirkiyar tana da cikakken tsawonta, tana ba da muryar da ake sa wa alamar ♭. Aka taka ta zuwa tsakiya, wani siririn ƙarfe da ya bi ta cikin ginshiƙi zai juya ɗan faifai mai haƙora biyu a can wuyan haf, haƙoran su damƙe tsirkiyar su rage mata tsawo, murya ta hau rabin taki. Aka ƙara takawa zuwa ƙasa, faifai na biyu ya kama, ta ƙara hawa rabin taki zuwa ♯. Sébastien Érard, Bafaranshe mai ƙera fiyano da haf, shi ya yi rajistar wannan dabara a Landan a 1810. Kafin shi, irin haf ɗin da 'yar basaraken nan ta kaɗa a zamanin Mozart mazauni biyu kawai fedarta ke da shi, don haka akwai muryoyin da ba ta da hanyar kaiwa gare su.

Abin da mai tsara kiɗa zai riƙe da kyau shi ne, feda ɗaya tana mulkin duk tsirkiyoyin da ke da sunanta. In aka taka F zuwa ♯, duk wata F daga sama har ƙasa ta koma F♯. Ba za ka sami F a hannun hagu da F♯ a hannun dama a lokaci guda daga tsirkiyoyin F ba. Sannan ƙafa biyu ce, don haka feda biyu ake iya sauyawa a bugu ɗaya, ɗaya a hagu ɗaya a dama. Sauyin ma ba latsawa ba ne kurum: sai an zare fedar daga ramin da take ciki, a taka ko a saki, a sake cusa ta a wani ramin, kuma duk a yi shi ba ƙara. In aka motsa feda alhali tsirkiyarta tana cikin rawa, za a ji muryar ta zame, wani lokaci da gurnanin ƙarfe. Shi ya sa ƙafar mai haf kullum tana gaban hannunta. Muryar da za a ji nan da daƙiƙa uku, yanzu ake shirya ta, a ɗan tsakanin da tsirkiyar ta yi shiru. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma aikin mai tsara kiɗa ne ya bar wannan ɗan tsakanin.

Ga misali a fili. A ce kana son muryoyi biyar da ke manne da juna suna hawa: C, C♯, D, D♯, E. A fiyano maɓallai biyar ne a jere. In ka miƙa wa mai haf haka yadda yake, za ta kaɗa C, ta taka fedar C, ta sake kaɗa tsirkiyar da ba ta gama rawa ba, ta koma D, ta taka fedar D da ƙafar nan dai ta hagu, duk cikin ƙiftawar ido. Ba zai fito da tsabta ba. Amma dubi wannan: B♯ ita ce C a kunne, E♭ ita ce D♯, F♭ ita ce E. Rubuta B♯, C♯, D, E♭, F♭. Yanzu tsirkiyoyi biyar ne maƙwabta, an shirya fedojinsu tun kafin a fara, ƙafa ba za ta motsa ba. A ido rubutun ya yi kama da na wanda bai je makarantar kiɗa ba. A kan haf shi ne daidai.

Wannan aron murya daga maƙwabciya shi ne maganin matsaloli da yawa. Kana buƙatar E♭ da A♭ su shigo tare, ga shi dukansu na ƙafar dama ne? Mayar da E♭ ta zama D♯, aiki ya rabu tsakanin ƙafafu biyu. Kana son maimaita murya ɗaya da gudu? Sa tsirkiyoyi biyu su yi murya ɗaya, kamar C♯ da D♭, yatsu su riƙa karɓeɓeniya a kansu, kowace ta sami lokacin yin rawarta. Muryoyi uku ne kaɗai ba su da wannan gata, D da G da A na mazaunin feda na tsakiya, don ba maƙwabciyar da feda za ta iya kaiwa wurinsu.

Daga nan ne kuma aka sami abin da kowa ya san haf da shi, wato sharar tsirkiyoyi da yatsa ɗaya daga ƙasa zuwa sama, wadda ake kira gilisando. Yatsa ba ya tsallake ko ɗaya, don haka abin da za a ji ya dogara kacokan a kan yadda aka jera feda. Feda bakwai masu mazauni uku-uku suna ba da jeri 2,187. A cikinsu akwai masu ban mamaki: sa C♭, D, E♯, F, G♯, A♭, B, sai tsirkiya bakwai su koma murya huɗu kawai. Amma akwai abin da ba ya cikin lissafin, kuma shi ne sababbin masu tsara kiɗa suka fi nema: shara a kan muryoyi uku tsantsa, C da E da G. B za ta iya zama C, F za ta iya zama E, amma D da A ba su da inda za su ɓuya. Abin da za ka samu shi ne C, D, E, G, A, tsani mai murya biyar irin wanda kunnenmu ya saba da shi a waƙoƙin gargajiya da yawa. Yana da daɗi ƙwarai, sai dai ba shi ka nema ba, gara ka san haka tun a teburinka.

Tunda tsirkiya ta fi ƙara da daɗewa in haƙoran ƙarfe ba su riƙe ta ba, haf ta fi sakin murya a ɓangaren ♭. Benjamin Britten, wanda ya rubuta A Ceremony of Carols a cikin jirgin ruwa yana komawa Ingila daga Amurka a 1942, da littattafan koyon haf a hannunsa, ya sa ɓangaren da haf ke kaɗawa ita kaɗai a C♭, inda duk feda bakwai suke sama. Mai fiyano in ya ga alamomin ♭ bakwai a farkon layi sai gabansa ya faɗi. Mai haf kuwa gida ta zo.

Wahalar feda ta taɓa sa wasu suka ce a yar da ita gaba ɗaya. A shekarun 1890 Gustave Lyon na kamfanin Pleyel ya ƙera haf marar feda, mai jeri biyu na tsirkiyoyi da suka gitta juna, kowace murya da tata. Don tallata ta, Pleyel ya sa Debussy ya rubuta Danse sacrée et danse profane a 1904. Kamfanin Érard bai yi barci ba, ya ɗauki Ravel, shi kuma ya rubuta Introduction et Allegro a 1905 domin ya nuna abin da mai feda za ta iya. Ravel ya zaɓi G♭, ya cika kiɗan da shara iri-iri da muryoyin aro, abubuwan da haf ɗin Pleyel ba ta da su. Mai feda ce ta ci kasuwa. Kiɗan Debussy bai mutu ba, Henriette Renié ta daidaita shi da haf mai feda, kuma haka ake jin sa yau, ƙafafun makaɗiya suna ta kai da kawo a ƙarƙashin doguwar riga. A ganina aikin Ravel shi ne darasin da ya fi kowane littafi. Ba shi da sauƙi ko kaɗan, amma duk wuyar da ke cikinsa tana biya, kunne yana jin abin da aka sha wahala dominsa.

Akwai wuyar da ba ta biya. A ƙarshen Die Walküre, inda Wagner yake kwatanta wuta da kiɗa, ya nemi haf shida, ya ba su muryoyin da ke sauyawa da saurin da ƙafa ke haki kafin ta cim musu. Abin da aka saba yi shi ne masu haf su raba nauyin a tsakaninsu, su sauƙaƙa inda ya gagara, mai sauraro kuwa walƙiya kawai yake ji. Tchaikovsky ma, a sanannen wurin nan na The Nutcracker na 1892 da haf ke buɗe rawar furanni ita kaɗai, ya rubuta hannaye biyu suna gudu lokaci guda suna saɓa wa juna hanya. Wanda ake ji a faifai kusan kullum gyararre ne, inda hannayen ke miƙa wa juna jerin. Albert Zabel, mai haf na gidan wasan sarki a St Petersburg a wancan zamani, har ɗan littafi ya wallafa yana jan kunnen masu tsara kiɗa a kan yadda ake amfani da haf a cikin ƙungiya.

Saura batun shiru. A fiyano, ka ɗaga yatsa sauti ya mutu. A haf akasin haka ne: ka fizgi tsirkiya, za ta yi ta rawa har sai ta gaji ko an dafa ta, kuma na ƙarfen nan na ƙasa suna daɗewa sosai. Duk alamar hutu da ka rubuta, tambaya ce ka jefa wa makaɗiya: in dafa ne ko in bari? In dafawa kake so, ka sani hannu ne zai yi, hannun da wataƙila ka riga ka ba shi wani aiki. In ka cusa muryoyi kusa da juna a can ƙasa, sai su dagule, gara ka buɗa tsakaninsu ka bar cunkoson a tsakiya. Can sama kuma sautin gajere ne, busasshe, yana huda kunne ya ɓace. Haf ba ta iya riƙe murya ta ƙara mata ƙarfi kamar goge ko kakaki, kuma in masu ƙahonin tagulla suka buɗe wuta, ana ganin hannunta yana motsi ne kawai. Berlioz ya san haka, shi ya sa a ɓangaren rawa na Symphonie fantastique na 1830 ya nemi aƙalla haf huɗu.

Sauran launukan sauti ba su da wuyar koyo. Dafa tsakiyar tsirkiya yayin fizga yana ba da murya mai kama da ƙararrawa, zango ɗaya sama. Dama tana yin ɗaya, hagu tana iya biyu ko uku. Kaɗawa dab da allon sauti tana ba da ƙara irin ta jita. Carlos Salzedo ya tattara irin waɗannan da alamominsu a littafinsa na 1921, Modern Study of the Harp. In kuwa ƙaramar haf ce irin ta Ailan ko Sikotlan, mai 'yan maƙalai a wuya maimakon feda, lissafin ya sauya: hannun hagu ne ke barin kiɗa ya je ya ɗaga maƙalin, kuma tsirkiya ɗaya kawai yake sauyawa.

Shin mai tsara kiɗa ya rubuta sauyin feda a takarda? Shawarata ita ce ya bi su ɗaya bayan ɗaya a daftarinsa, ya zana ɗan hoton feda bakwai ɗin a gefe, ya tabbatar kowane sauyi yana da ƙafa da lokaci. A takardar da zai miƙa kuwa, ya nuna jerin feda a farko da kuma wurin kowace shara, sauran ya bar mata fili. Kowace makaɗiya tana da inda ta fi son taka fedarta, kuma da fensirinta take zuwa. Sannan ya kai mata daftarin tun yana ɗanye, ya zauna a gefe ya kalli ƙafafunta. Haka Britten ya yi aiki da Osian Ellis, wanda ya rubuta wa Suite for Harp a 1969. Haka Reinhold Glière ya yi a Mosko a 1938, lokacin da yake rubuta babban kiɗansa na haf da ƙungiyar makaɗa: ya yi ta komawa wurin Ksenia Erdely, gyare-gyarenta suka yi yawa har ya nemi a sa sunanta tare da nasa a matsayin waɗanda suka tsara kiɗan. Ta ƙi, aka buga shi da sunanta a matsayin wadda ta tace.